Yadda ɗari ya zama lokacin noma: tarihin garake a ƙasar Imanan

Gabatarwa

A yawancin rubuce-rubucen da aka yi game da tarihin noma a yammacin Nijar, damina ce ake bai wa muhimmanci: yaushe ruwa ya sauka, yaushe ya ɗauke, wace shekara fara ta cinye hatsi, wace shekara aka cika rumbuna. Wannan ba abin mamaki ba ne, tun da gero shi ne abincin jama'a, kuma da ruwan sama ake noma shi. Amma duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Balayara zuwa Filinge a cikin watan Janairu, in ya iso wajen Bonkuku, zai ga wani abin da tarihin damina bai isa ya bayyana ba. Tuddai sun bushe, kara ya kwanta, ƙura ta rufe sama, amma cikin kwari ga garake kore shar, ga mutane duƙe a kan fangali tun da sanyin safiya.

A cikin wannan maƙala muna so mu bi diddigin yadda ɗari, wanda a da lokacin tafiye-tafiye ne, ya koma lokacin noma a ƙasar Imanan. Ra'ayinmu shi ne, abin da mutanen wannan kwari suka koya a cikin shekaru kusan saba'in shi ne aiki da sanyi, wato sanin ranar da yake shigowa da ranar da yake fita, da abin da za a iya cirowa daga ƙasa a tsakanin ranakun biyu. Za mu kuma nuna cewa mabuɗin wannan lissafi, wato irin shibka, bai taɓa zama a hannunsu ba.

Kwarin da mutanensa

Imanan tana cikin Dallol Boso, wani tsohon kwarin kogi da ya daɗe da ƙafewa, wanda ya gangaro daga Azawak a arewa har ya haɗu da kogin Kwara a wajen Bumba. Babban garinta shi ne Bonkuku. Daga arewa tana maƙwabtaka da ƙasar Kurfai, inda Filinge take, daga kudu kuma akwai Tondikandiya da Tagazar. Ruwan saman da ake samu a yankin kaɗan ne, wajen milimita 400 a shekara mai dama, kuma ba shi da alkawari. Abin da ya bambanta kwarin da tuddan da ke kewaye da shi yana ƙarƙashin ƙasa ne. A kan tudu sai an yi gina mai zurfi ƙwarai kafin a tarar da ruwa, amma a cikin kwari, a wurare da dama, gaba biyu ko uku sun isa. Itatuwan gawo da goriba da ke tsaye a wurin su ne shaidar farko.

Abzinawa sun zauna a wannan yanki tun wajen farkon ƙarni na 19, tare da Bugajen da ke yi musu noma da kiwo, a tsakiyar Zabarmawa da Kurfayawa da Fulani. Henri Guillaume ya yi nazarin wannan zama a littafinsa na 1974, inda ya nuna yadda makiyaya masu yawo suka koma mazauna wuri guda. Ƙarni na 19 lokacin yaƙe-yaƙe da hare-hare ne a duk faɗin Dallol, kuma wannan yana da alaƙa da batunmu kai tsaye. Garka tana son mutum kullum, safe da yamma, har wata uku ko huɗu, a fili, nesa da gida. Rani kuwa shi ne lokacin hari. Wanda ba shi da tabbacin kwana lafiya ba ya zuba ƙarfinsa a cikin abin da ba za a iya kora ba kamar garke, ba kuma za a iya ɓoyewa ba kamar damin hatsi.

Ba muna cewa ba a san ban ruwa ba kafin zuwan Turawa. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin albasa da alkama da taba da barkono na bakin rijiya da fadama, kuma mutanen Abzin sun daɗe suna jan ruwa da dabba a garakensu. A Dallol ma akan dasa rogo da dankali da duma a inda ƙasa ke riƙe laima bayan damina. Sai dai wannan ƙari ne a kan gero, abin miya da abin taɓawa. Ba a kansa gida yake dogara ba.

Ɗari a zamanin mulkin mallaka

Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a 1901, hari ya kau, amma wasu abubuwa biyu suka maye gurbinsa wajen cinye rani: haraji da aikin tilas. Haraji da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa babu su a kwari. Saboda haka da zarar an gama kaka, samari su ɗauki sanda su nufi Kurmi, wato Kumasi da Akara da sauran garuruwan Gwalkwas, su yi dako da ƙwadago da ƙaramin ciniki, su komo gab da shibka. Jean Rouch ya bayyana wannan cin rani na mutanen yammacin Nijar a bincikensa na 1956. Waɗanda suka rage a gida kuma ana iya kwashe su zuwa gyaran hanya ko ginin bariki, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas. Yunwar 1931, wadda fara da fari da matsin haraji suka haɗu suka haddasa a yammacin ƙasar, ta ƙara tura mutane kan hanya.

Ke nan a rabin farko na ƙarni na 20, watannin sanyi su ne watannin da ƙauye yake zama ba majiya ƙarfi. Ruwa yana nan kusa, sanyi yana zuwa kowace shekara, amma hannuwan da za su haɗa su suna Kumasi.

A wannan zamani ne kuma sababbin kayan lambu suka shigo. Kusan kowane bariki yana da garkar kumandan, inda fursunoni da ƴan aikin tilas ke ban ruwa ga salati da kabeji da karas da dankalin turawa. Waɗannan tsirrai ne na ƙasashen sanyi, kuma Bature ya lura da wuri cewa a nan ba su yi sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Abin da ake shibkawa a Faransa idan sanyi ya fita, a nan sai sanyi ya shigo ake shibka shi.

Dankalin turawa da lissafin sanyi

An fara noman dankalin turawa a Imanan a tsakiyar shekarun 1950. A lokacin abincin Turawa ne da ma'aikatan gwamnati da mutanen birni, don haka tun farkonsa amfanin sayarwa ne, kuma kasuwarsa Yamai ce. Ya kamata mu ɗan tsaya a kan halin wannan tsiro, domin in ba a fahimce shi ba, sauran tarihin ba zai fito ba.

Asalin dankalin turawa daga tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, kuma a ƙarni na 16 aka kai shi Turai. Ganyensa yana jure zafin rana gwargwado, amma ƴaƴan da ke cikin ƙasa ba su ƙulluwa sai dare ya yi sanyi. Ya fi son ƙasa mai awon zafi tsakanin digiri 15 da 20, in kuwa ta kai wajen 30 sai ya daina ƙulla ƴaƴa, ya yi ta ganye a banza. A Jos da tsaunukan Abzin da Futa Jalon, tsawon wuri ne ke ba shi wannan sanyi. Imanan ba ta da tsauni. Abin da take da shi kawai shi ne dararen Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, awon zafi ya sauko wajen digiri 15 kafin asuba. Zuwa Maris zafi ya fara komowa, a Afrilu kuwa ya wuce 40 da rana. Shi kuma dankalin yana bukatar kamar wata uku daga shibka zuwa tono. Idan aka aza wata ukun nan a kan kwanakin sanyi, za a ga babu rarar da ta wuce ƴan makonni.

Daga nan ne duk ƙa'idojin aikin suka fito, kuma muna ganin ya dace masanin tarihi ya ɗauke su a matsayin shaida, kamar yadda yake ɗaukar takardar kumandan. Ana son iri ya shiga ƙasa a cikin Nuwamba, domin ƙullin ƴaƴa ya faɗo a tsakiyar ɗari. Wanda ya shibka a Oktoba, ƙasa tana da sauran zafin kaka, iri yakan ruɓe. Wanda ya kai ƙarshen Disamba, zafin Maris zai tarar da shi kafin ƴaƴa su cika. Kafin shibka akan baza irin a inuwa mai iska har ya fitar da tsiro gajere mai ƙarfi, wannan yana rage kwanakin da zai yi a ƙasa. Saboda tsadarsa, akan yanka kowane ɗa gida biyu ko fiye, kowane yanki da idonsa, a bar yankan ya bushe, wasu su barbaɗa masa toka. Dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi, tana kuma da haɗarinta, domin wuƙa ɗaya tana iya ɗaukar cuta daga ɗa guda ta raba wa buhu duka.

Iskar da ke kawo sanyin ita ce kuma ke busar da ƙasa, ta kwantar da ƙananan tsirrai, ta watsa musu rairayi. Shi ya sa ake kafa darni na karan gero, a ƙarfafa shi ta gefen da iska ke fitowa. Darnin nan aiki biyu yake yi, yana tare iska yana kuma tare dabba, domin lokacin garka shi ne lokacin da ake sakin bisashe a gonaki su ci kara. Ƙasar kwari rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, don haka ban ruwa kaɗan-kaɗan ne amma a kai a kai, kuma taki ruɓaɓɓe ake so, ɗanye yana ƙona saiwa. Idan tsiro ya kai kamar taƙi guda sai a tara masa ƙasa a gindi, a sake yi bayan ƴan makonni. Ɗan da ya leƙo waje rana ta taɓa shi yakan yi kore, ya yi ɗaci, ba ya ciwuwa, kuma ta tsagar ƙasa ne tsutsar dankali ke samun hanya. Kwana bakwai zuwa goma kafin tono sai a ɗauke ruwa, fata ta yi ƙwari, a tone da sanyin safiya, kada a bar shi a rana. Akwai kuma wata ƙa'ida da ƙarancin fili ke sa a karya: ba a son maimaita dankali a fangali ɗaya shekara da shekaru, ba a kuma son ya bi bayan tumatir ko barkono ko gauta ko taba, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Sauran kayan garka ma kowane da gurbinsa a cikin wannan lissafi. Salati da kabeji da karas ƴan ɗari ne sosai, salati ma da ya ji zafi sai ya yi tozo ya yi ɗaci. Albasa da tumatir a ɗari ake dasa su, su nuna a farkon zafi. Kuɓewa kuwa ba ta son sanyi, tsayawa take yi cak, sai ɗari ya juya baya take sakin jiki. Zogale da rogo su ne ke riƙe garka idan sauran sun tashi.

Daga fari zuwa siyasar noman rani

Shekaru kusan ashirin noman dankali ya zauna a hannun mutane ƙalilan. Abin da ya faɗaɗa shi shi ne rufewar sauran ƙofofi. A 1969 Gana ta kori baƙi. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, ya bar rumbuna wayam, shi ne kuma ya share fagen juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da ya kawo Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne, cikin wannan yanki na Filinge. A 1983 Nijeriya ta kori baƙi, a Afrilu 1984 ta rufe iyakokinta har zuwa 1986. Sai ga daminar 1984 ta zo ba ruwa. A wannan shekara gwamnatin Kunce ta mayar da noman rani siyasar ƙasa: a duk inda ruwa yake kusa aka keɓe filaye, aka gina rijiyoyi, aka raba iri da kayan aiki, aka sa samariya da sarakuna su tara jama'a, domin a tsayar da mutane a ƙauyukansu maimakon su kwarara birni.

Sau da yawa akan ba da labarin noman rani a Nijar kamar a 1984 aka haife shi. Misalin Imanan yana nuna cewa wannan kuskure ne. Da yawa daga filayen da aka buɗe da umurni a wasu wurare an watsar da su da zarar damina ta gyaru a 1985 da 1986, saboda mutane sun ɗauke su maganin yunwa ne kawai, ciwo ya wuce an aje magani. A Imanan abin ya kama ƙasa domin umurnin ya tarar da abubuwa uku a shirye: ruwa kusa, amfanin da ake sayarwa da tsada, da mutanen da suka riga suka yi shekara talatin suna koyon kwanakinsa. Ga kuma hanyar mota zuwa Yamai, da kasuwar Lahadi ta Balayara a tsakani. Gwamnati ta ƙara yawan masu garka, amma sanin aikin daga maƙwabci aka ɗauke shi.

Wannan sauyi ya taɓa zaman jama'a. A tsohon tsari, duƙawa a kan ƙasa aikin na ƙasa ne, daraja tana ga mai raƙumi da takobi da garke. Fari ya cinye garken, garka kuma ta fara kawo kuɗi a dunƙule a watan Fabrairu, kuɗin da ake sayen hatsi da su, a yi aure, a sayi sa, a rufa ɗaki da kwano. Waɗanda kakanninsu suka yi wa wasu noma sun tarar da cewa abin da aka raina su da shi ya zama jari. Amma kada mu yi gaggawar cewa garka ta daidaita kowa. Ƙasar kwari tana da masu ita, kuma filin da a da ake ba da aronsa kyauta bayan kaka, da ya fara haifar da kuɗi sai aro ya fara komawa haya. Mata, waɗanda su ne ke riƙe gida a zamanin cin rani, galibi ƙananan fangali suke samu, na kabeji da salati da kayan miya. Makiyayi kuma ya tarar da darni a inda ya saba bi da shanunsa zuwa rijiya.

Ruwa ya yi sauƙi, iri bai yi ba

Ta fannin ruwa an samu ci gaba a bayyane. An fara da rijiyar hannu wadda rairayi ke rushewa kowace shekara, da guga da ƙwarya. Aka zo rijiyar siminti. Daga tsakiyar shekarun 1990, da shirin bunƙasa ban ruwa na masu zaman kansu wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ƙananan rijiyoyin burtsatse na bututun roba suka yaɗu a kwaruruwan Nijar, tare da famfon ƙafa da aka laƙaba wa suna Niyya da Ƙoƙari, sannan injin ban ruwa mai shan fetur, daga baya kuma faifan hasken rana. Mutum ɗaya da inji yana shayar da filin da a da sai gida guda sun taru a kansa. Sai dai inji ya shigo da nasa lissafi, na mai da gyara da bashi.

Iri kuwa yana nan inda yake. Dankalin da aka tone a Fabrairu ba ya iya jiran Nuwamba a ɗakin da zafinsa ya wuce digiri 40: zai tsira, ya yamushe, ya ruɓe, tsutsa ta ci saura. Wanda ya tsallake ma, cututtukan da ƙwari ke ɗauka daga tsiro zuwa tsiro suna rage masa ƙarfi daga shekara zuwa shekara. Don haka iri mai kyau daga Turai yake zuwa, musamman Faransa da Holan, inda ake tone shi a ƙarshen daminarsu, a tantance, a sa a jirgin ruwa, a sauke a tashar teku, a ɗora a mota ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu. Duk jinkirin da aka samu a wannan doguwar hanya, daga kwanakin sanyin mai garka ake cire shi. Wanda ya gyara fili ya kafa darni ya zuba taki tun Oktoba yana iya zama yana kallon ɗari yana wucewa, iri yana tashar jirgi. Akwai irin da ke zuwa daga Abzin da Jos, ya fi araha kuma yakan iso da wuri, amma ba shi da tabbacin lafiya irin na wancan.

Karyewar darajar sefa a Janairu 1994 ta nuna wannan dogaro a fili. A dare ɗaya faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuɗin iri da takin zamani suka bi shi. Ta wani gefen kuma dankalin ci da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, na gida ya samu kasuwa. Wanda ke da kuɗin sayen iri ya ci riba, wanda ba shi da su ya shiga hannun ɗan kasuwar da ke ba da iri bashi a Nuwamba, ya karɓi dankali a Fabrairu a farashin da shi ya yanka. Haɗuwar masu garka cikin ƙungiyoyi, har aka kafa tarayyar ƙungiyoyin manoman lambu ta ƙasa mai suna Niyya a 1996, babban dalilinta shi ne a yi odar iri tare, a kan kari.

Matsala ta biyu ita ma daga sanyin take. Tun da kowa a mako ɗaya ko biyu yake shibka, kowa a lokaci ɗaya yake tono. A Fabrairu da Maris dankalin Bonkuku yakan cika kasuwannin Yamai, farashi ya faɗi, kuma ba mai iya riƙe nasa ya jira, domin zafi yana tafe. Bayan wata uku ko huɗu, lokacin da farashi ya hau, mai garka ba shi da ko ɗaya. An gwada ɗakunan ajiya iri-iri, na ƙasa masu kauri da na zamani masu na'urar sanyaya, amma na farko kwanaki kaɗan suke ƙarawa, na biyu kuma suna son lantarki da kuɗin da ƙauye ba ya samu da sauƙi.

A shekarun baya-bayan nan wasu abubuwa sun ƙaru a kan waɗannan. Shirin 3N da gwamnatin Isufu Mahamadu ta ƙaddamar bayan 2011 ya sake ɗora noman rani a gaba, kamar yadda aka yi a 1984, da rabon iri da injuna. Daga 2017 rashin tsaro a jihar Tillaberi ya kawo dokar ta-ɓaci a sassa da dama, daga baya aka hana hawan babur a wasu wurare, abin da ya taɓa zuwa garka da kai kaya kasuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka rufe iyakar Benin, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo, ta fi tsada, motoci kuma sai sun jira rakiyar soja. Irin dankali yana cikin kayan da ba su jure irin wannan jira, kuma ɗarin Imanan bai ƙara ko kwana ɗaya ba saboda an sauya tashar jirgi.